Fararen Furanni a Gefen Rafi

Litinin, 6 ga Mayu
Auta ta sauka lafiya! Mace aka samu. Don murna, biro ya ƙi bin layi. Da malaminmu na ajin yamma zai ga wannan rubutu, cewa zai yi in sake. An nuna min ita ta waya, hancin Inna sak. Auta ta ce, "Baba, hujja ta ƙare, ka tattara ka dawo birni wurinmu." Na ce to. Dama na sha gaya musu, duk inda ta Allah ta same ni su rufe ni a nan, ƙasa duk ɗaya ce.

Alhamis, 9 ga Mayu
Mai awo ya zo daga ofishin filaye. Sabon titi zai bi ta tsohuwar maƙabartar bayan gari. Ya ce duk kabarin da muka nuna masa zai sa a taswira, titi ya kauce. Inda babu alama kuwa, fili ne. Ɓangaren gefen rafi ya shafe tuntuni, ba tudu ba dutse, sai ciyawa. Inna tana can. Ina ne? Ban sani ba, ina wurin aiki a nesa aka rufe ta. Zai dawo Laraba.

Asabar, 11 ga Mayu
Mu mutanen gari mun yanke mu share wurin ƙal, ko za a ga inda ƙasa ta lotsa. Abokina tela ya gan ni da fartanya ya ce, "Ango, ka ajiye ƙarfinka, amarya na jira." Na ce amaryata ba ta auren rago irinsa. Mun nome kusurwa guda. Fartanya sai tono wasu ƙananan abubuwa take kamar albasa, muka tara su gefe da sauran shara. Ruwa ya kore mu. Na dawo ina ta faɗa da hadari.

Lahadi, 12 ga Mayu
Ruwa. Ba aiki.

Talata, 14 ga Mayu
Ban san ta yadda zan rubuta wannan ba.
Da safe na tafi ni kaɗai da fartanya. Ina shan kwanar rafi na tsaya cak. Furanni farare sun fito cikin ciyawa, ba a warwatse ba, a jere. Sahu bayan sahu, kamar an ja igiya. Na taka tsakanin wani da na gaba, tsawon mutum ne. Wasu tazararsu gajeriya. Yara. Tsigar jikina ta tashi. Na ajiye fartanyar a hankali, na yi musu sallama da ƙarfi kamar na shiga gidan mutane. Ai gidan mutane ne.
Kusurwar da muka nome kuwa tas, ko ɗaya babu.
Na ruga wurin Yaya. Idonta ya tafi amma kanta garau. Da na gaya mata, ta ce, "Wayyo, ashe shi ne!" Wai duk ranar da aka yi rasuwa, Babanmu kan tono 'yar albasa a bayan ɗaki ya sa a aljihu kafin ya bi gawa. Ita ta ɗauka magani ne. Ashe a kan kowa suke dasawa, shi da na gabansa. Ina wucewa ta nan kowace damina, ban taɓa ɗaga kai ba.
Da ruwan nan bai kore mu ba...

Laraba, 15 ga Mayu
Mai awo ya zo ya ga furannin. Sannan ya kafa turaku, ya bi da igiyarsa sahu sahu har ta ratsa kusurwar da muka ɓata. Titi zai kauce. Ya ce zai nemi a sa wurin cikin wuraren tarihi, a yi masa shinge. Muka tono albasar daga shara muka mayar bisa igiyar. Tela yana dasawa yana share ido, wai ƙasa ce ta faɗa masa.
Har yanzu ban san wanne ne na Inna ba. Na gaishe su duka.

Alhamis, 16 ga Mayu
Furen ya fara yaushi. Ashe ba ya daɗewa.

Juma'a, 24 ga Mayu
Auta ta kira, na ji kukan amaryata, murya kamar ta mai shela. "Baba, yaushe?" Na ce zan zo in gan ta, amma tarewa sai an gama shinge. Ta ce, "Bayan shingen fa?" Na ce layin waya ba kyau.
Albasa guda ta rage ranar Laraba. Na sa ta a gwangwani a bayan ɗaki, ina ba ta ruwa. Na nuna wa tela inda take, don kawai ya sani. Ya kalle ni, na ce ado ne.