Ƙarfen da Babanku Ya Ɗaura wa Mota

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona mai ƙiriniya. Ki ce masa har yanzu ban ga kyautar da ya yi min alkawari ba.

Kin tambayi bayan nawa. Da sauƙi, alhamdulillahi. Tun da aka yi min aikin, likita ya ce sai na riƙa zuwa gashi. Gashin bai dame ni ba, hanyar ce. Kin san hanyar asibitin ƙashi, duk kwana-kwana ce, ga kuma babban shataletalen nan. Ita kuwa 'yar motar babanku, da ya karya kwana sai bayanta ya kwanta gefe guda kamar kwale-kwale, ni kuma in ji kamar an soka min ƙusa daga ƙugu har wuya. Ban taɓa faɗa masa ba. Ashe hannuna yake kallo, yadda nake damƙe mariƙin ƙofa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, ina za a ɓoye masa ciwo?

Yanzu haka yana ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kawai nake hangowa ta tagar kicin. Shi da abokinsa Dogo mai walda sun samo wani dogon ƙarfe mai lanƙwasa a baki biyu, wai sitabilaiza. Ya ce motar tana da na gaba, ba ta da na baya. Da sandar goge ɗaki ya yi min bayani: ƙarfen zai haɗa tayar hagu da ta dama, in gefe ɗaya zai nutse ɗayan ya riƙe shi. Na ce to, ashe aure zai ɗaura musu. Ya yi dariya har ya sarƙe. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ya yi ritaya.

Mai kaurin ya zaɓa, na wata babbar mota. Dogo ya ce ya yi wa 'yar motar nan yawa, shi kuwa ya ce matarsa zai ɗauka, ba ya son ta karkata ko kaɗan.

Kada ki gaya wa yayanku. Kin san ya daɗe yana cewa babanku ya ajiye tuƙi.

Ki kula min da kanki.
Mamanki.

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, da fatan zazzaɓin angon nawa ya sauka. Na san yayanku ya riga ni, amma ina so ki ji daga bakina. Lafiyarmu ƙalau, ko ƙwarzane babu.

An ɗan yi yayyafi ranar. Muna cikin shataletalen, a hankali kuwa yake tafiya, sai na ji bayan motar ya sulale kamar an taka sabulu. Ta juya da mu har muka fuskanci inda muka fito, tayar baya ta bugi dakalin gefen titi, ta tsaya. Allah Ya kiyaye, babu mota a bayanmu. Babanku ya riƙe sitiyari yana kallon gabansa, sai da na taɓa shi ya sake shi.

Dogo ya ce kaurin ƙarfen ne ya sandarar da bayan motar, shi ya sa tayoyin suka saki titi da suka taka ruwa.

Yayanku ya zo a firgice, na kuwa san tsoro ne ya cika shi. Amma ya yi maganganu a ƙofar gida, maƙwabta na ji, har da cewa uwarsa ba abin gwaji ba ce. Babanku da kansa ya zaro makullin motar daga aljihu ya miƙa masa.

Yanzu ɗan tasi ke kai ni, mutumin kirki ne, sai dai ba ya ganin rami. Ina dawowa gida da ciwon da ya fi wanda na fita da shi. Amma ba wannan ke cina ba. Babanku ya daina kunna rediyo, abinci sai na tsaya a kansa. Jiya ina shafa magani ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Na so in rage miki ciwo, saura kaɗan in ƙarasa ki.” Kafin in buɗe baki ya juya.

Auta, yayanku yana jin maganarki fiye da tawa. Ki ce masa kuskure uban nan nasa ya yi, ba hauka ba. In motar nan ta tafi, ina tsoron abin da zai rage min a gidan.

Ki sa mu a addu'a.
Mamanki.

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Allah Ya yi miki albarka. Ban san me kika faɗa wa yayanku ba, amma ranar hutunsa sai ga shi da makullin, da wani siririn ƙarfe wanda aka ƙera daidai irin motar, da robobinsa sababbi. Bai iya ba da haƙuri da baki ba, kin san su biyun. Rigarsa kawai ya tuɓe ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya ce babanku ya nuna masa inda zai kama. Suka yini a ƙarƙashin motar, uban na cewa ba wannan sifanar ba, ɗan na cewa ai ita ya nema.

Bayan sun gama, babanku ya ƙi ɗaukata. Jarkoki ya cika da ruwa ya ɗaure a kujerata, ya riƙa zuwa filin bayan makaranta yana zagaye da su, rana da ruwa, Dogo na tsaye yana kallon tayoyin. Har Dogon ya gaji ya ce mota ta zauna daram, amma babanku ya ce tukuna.

Shekaranjiya da safe, ranar gashina, na riga shi fita na zauna a kujerar. Ya fito da jarkarsa ya tarar da ni. Na ce masa ni na auri direba, kuma lokacina na tafiya. Sai ya ajiye jarkar ya kira yayanku, ya ce ya zo ya zauna a baya.

Muka iso kwanar farko, ya karya. Motar ta ɗan sunkuya kaɗan ta miƙe, ban ji komai ba. Ta biyu ma haka. Daga nan ban san abin da ya faru ba, Auta. Ni da na yi watanni ban yi barcin kirki ba, sai farkawa na yi na gan mu a inuwar bishiyar harabar asibiti, injin a kashe, an sassauke gilasai. Babanku na zaune, yayanku na baya, ko tari babu mai yi. Lokacin gashina ya wuce tuni, har an rufe ɗakin.

Na yi musu faɗa na ce me ya hana su tashe ni. Yayanku ya nuna uban da baki, ya ce direba ne ya hana. Sai aka sake ba mu wata ranar, muka juyo gida ta hanyar da muka zo.

Ki gaishe min da angona.
Mamanki.