Safar da Saima ta Saƙa

Detroit, 2 ga Nuwamba, 1974

Zuwa ga mahaifina,

Baba, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, ya sanyi, ya kaɗaici? Rabon da mu yi magana tun ranar da muka yi sa-in-sa bayan jana'izar Mama, da na ce ka dawo birni wurina, kai kuma ka ce in kama hanyata. Na kama. Amma har gobe ni 'yarka ce, ko ka so ko ka ƙi.

Ranar sha biyar ga wata za a buɗe farautar barewa, na kuma san ko sama da ƙasa za su haɗu sai ka hau 'yar rumfar katakon nan taka ta kan bishiya a bakin fadama, ka zauna tun asuba kamar mujiya. Kullum Mama ce ke saƙa maka safar farauta. Bana babu ita, shi ne na gwada. Ga ta nan cikin ƙunshin. Zaren ulu biyu na haɗa, don na tuna yadda kake dawowa kana buga ƙafa a ƙofar kicin kana zagin sanyi. In na taso daga masana'antar da nake wuni ɗinkin kujerun mota, sai in zauna da ita har yatsuna su yi tsami.

Don Allah ka sa ta ranar farko, ka kuma gaya mini gaskiya ko ta yi. Ka gaishe mini da Goggo Hilja da mijinta Waino.

'Yarka,
Saima

*

Toivola, 18 ga Nuwamba

Saima,

Na gaishe ki. Lafiya lau nake, sai abin da ba a rasa ba. Ƙunshi ya iso. Da na buɗe na ɗauka katifa kika aiko mini. Waino ya ce in bindiga ta ƙi tashi in jefi barewar da safar, ba za ta sake miƙewa ba. Dunduniyar hagu ta karkace, amma ba gasar kyau zan je ba.

Sai da na yi kokawa da takalmi kafin ƙafar ta shiga. Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa bana, kafin in isa fadama na jiƙe sharkaf da gumi. Na hau, na zauna. Kin san sanyin kan bishiya ba irin na ƙasa ba ne, iska ke bi ta ƙarƙashin katako ta kama tafin ƙafa, ga shi ba halin motsi, ko tari ka yi barewa ta ji. Shekara da shekaru yatsuna ke sauko da ni kafin rana ta take. To wannan karon da farko sun ɗan yi zugi, daga nan sai shiru. Ban ƙara jin komai ba har faɗuwar rana. Haka jiya, haka yau. Ko uwarki, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa saƙa wadda ta kai wannan ba. Kada dai ki gaya mata.

Akwai wani ƙaton namiji mai ƙaho kamar reshen itace da ke kewaya fadamar. Na hango shi sau ɗaya. Ni da shi ne bana, rabin naman kuma naki ne.

Ubanki,
Urho

*

Detroit, 22 ga Nuwamba

Babana,

Ina gaisuwa. A tsaye na karanta takardarka a bakin ƙofa, ina dariya ina kuka, har maƙwabciyata ta leƙo ta ce wa ya mutu. Katifa ko? To ka shirya, na riga na ɗora wata a kan allura, wannan ma sai ta fi ta farko kauri. Allah ya ba ka sa'ar mai ƙahon nan. Yau dai zan yi barci da farin ciki.

Taka,
Saima

*

Hancock, 25 ga Nuwamba

Saima 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Daga asibiti nake rubuto miki, ki samu wuri ki zauna. Ban buga miki waya ba don kin san layin wayarmu ɗaya ne da rabin matan Toivola, kowa na jin maganar kowa, kafin in ce uffan labari ya kai coci.

Ubanki na nan kwance. Da ransa, har da bakinsa, amma ƙafafun ne.

Tun tsakiyar mako Waino ya ce mini ya ga yana saukowa daga tsani kamar wanda ya sha ya bugu, yana laluben matakala da ido. Ranar Asabar suka shiga sauna, ɗakin wankan tururi, kamar kullum. Ubanki ya miƙe ƙafafunsa dab da murhun duwatsu yana ta surutun mai ƙaho. Waino ya duba, sai ya ga yatsun fari fat kamar kyandir, fatar kuma ta fara tashi saboda wuta, shi kuwa ko gezau. Ya ce, "Urho, ƙafarka na gasuwa!" Sai gogan naki ya ce, "Ka ji rago. Ciwon da sauna bai warkar ba ai sai kabari. In kuma ka gaya wa Hilja, ni da kai ne." Sakaran mijina kuwa ya ja bakinsa ya yi gum.

Washegari, mutane suna coci, shi ya sake cusa ƙafar nan cikin safa da takalmi ya koma kan bishiya. Da yamma ya kasa saukowa. Da igiya Waino da maƙwabta suka zuro shi kamar buhun dankali. A asibiti takalman sun ƙi fita sai da aka yanka su. Safar kuma ta manne da fata, da almakashi nas ta bi ta kaɗan-kaɗan. A gabana aka yi, ni na riƙe masa kai.

Ashe yana da ciwon suga tun bazara ya ɓoye mana. Likita ya ce dama ƙafar ta fara mutuwar ji, matsi ya tare jini, gumi ya daskare a ciki, wuta ta ƙarasa.

Ke ma, Saima, haba! Wa ya ce miki ana saƙa safar farauta da zare biyu? Uwarki ƙaurin take yi da kauri, tafin da yatsun ta yi su sirara, don yatsan da bai yi rawa cikin takalmi ba ya mutu. Kowa a garin nan ya san haka, ubanki ya fi kowa sani, shi ya koya wa Waino. Na ce masa, "Kai da hankalinka, me ya kai ka?" Ya juya fuska bango ya ce, "Yarinya ta ce in sa."

Ƙafar dama za ta tsira. Ta hagu ce likita ke girgiza kai a kanta, ya ce sai an ga inda baƙin da ta yi ya tsaya. Ubanki ya ce in rantse ba zan gaya miki zancen safa ba. Na ce to, amma ban dafa Littafi ba. Ki yi haƙuri da bakina, raina ne a ɓace.

Goggonki,
Hilja

*

Detroit, 29 ga Nuwamba

Goggo,

Ina gaishe ki, na kuma gode da ba ki ɓoye mini ba. Yana rubuto mini ƙafarsa ta yi shiru, ni kuma ina nan ina tsalle. Wayyo ni! Sabuwar safar da na fara saƙawa tana kan kujera, na kasa taɓa ta, na kasa jefar da ita.

Shugaban sashenmu ya ce sai ƙarshen makon gobe zai sake ni, in na tafi kafin nan kada in dawo. Zan biyo motar Juma'a mai zuwa. Ki tambayar mini likitan nan tsakani da Allah, da a ce bai sa safata ba, da hakan ta faru? Kada ki sassauta mini. Kuma Goggo, in na shiga ɗakin nan, da wane ido zan dube shi? In nuna na sani, ko in yi shiru? Tsoro nake ji.

'Yarki,
Saima

*

Hancock, 3 ga Disamba

Saima,

Na gaishe ki. Hilja ta ce kina tafe, don haka gara ki ji daga bakina. Sanyi ya ɗan taɓa ni a kan bishiya. Jiya sun cire rabin ƙafar hagu. Ba wani abu ba ne, an bar mini dunduniya.

Sai magana ɗaya. Abin da na rubuto miki kwanaki, daɗin baki ne kawai don ki ji daɗi. Safarki ban taɓa sa ta ba. Tsohuwar ta uwarki na sa, duk ta huje, laifina ne. Taki tana nan sabuwa fil. Kada dai ki ce sai kin gan ta in kin zo, na ba Waino aro, kin kuwa san shi da yar da kaya.

Ki sako rigar kirki, ana sanyi a nan.

Ubanki,
Urho