Kafinta Ya Ƙi Buɗe Baki

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya yara, ya babansu?

An kunna, Yaya, an kunna! Na'urar jin da aka dasa min a bayan kunne ta fara aiki. Rabona da jin ƙara tun zazzaɓin da ya kurmantar da ni ina budurwa. Ashe firij gunaguni yake yi? Ashe takalmina ke tona min asiri duk inda na taka? Muryoyin mutane dai kamar daga cikin bokiti, amma likita ta ce zan saba, muddin ana min magana a hankali, ana maimaitawa.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Kafinta, mijin da na aura ban taɓa jin muryarsa ba, ya ƙi buɗe baki. Na ji gudumarsa, na ji tarinsa, amma da na juyo sai ya koma magana da hannu. Alhali don muryarsa na yarda aka min aikin! Laifin me na yi?

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Alhamdu lillahi! Na karanta, na yi kuka, na yi rawa, har yara suka ce na zautu.

Ba ki yi laifin komai ba, sarkin gaggawa. Mijinki in'ina gare shi, mai tsanani. Kafin ya faɗi kuɗin kujera, mai saye ya gaji ya tafi. Duk dangi sun sani, shi ya roƙe mu mu yi shiru. Ya ce a wurinki kaɗai yake magana ba a tsaya jiransa ba. Ranar aikinki ya fi kowa murna, ya kuma fi kowa tsoro. Ki bi shi a hankali.

Allah ya ƙara lafiya.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. A hankali? A shagonsa na same shi, na ƙwace zarton da ke hannunsa, na ce, "Malam, likita ta ce a nemo min mai magana a hankali yana maimaitawa. Ni ga shi a gidana, kuma yana min rowa?"

Ya yi dariya har da hawaye. Na rufe idona, na ce ya kira ni. Ya daɗe yana fama, ni kuwa ba inda za ni.

Yaya, sunana ne kalmar farko da na gane ban kalli bakin mai faɗa ba.

Ki gaida kowa.
Auta