Idon Baba na Hagu

Gharm, 4 ga Satumba

Yaya Daler,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin Rasha? Mu nan kalau, in ban da rigimar Baba.

An cire masa yanar idon dama, likita ya ce aiki ya yi kyau, a dawo a yi na hagu kafin dusar ƙanƙara ta ɓata hanyar Dushanbe, inda asibitin yake. To, ka san mahaifinka. Ya hau rufin da muke shanyar tuffa, ya kafa madubin hangen nesan da ka aiko bara, wai da kallon farin wata zai gwada sabon ido. Bai ga komai ba sai fari dishi-dishi. Ya sauko ya ce an kashe masa ido ɗaya, ba mai taɓa ɗayan.

Na leƙa da kaina, wallahi ni ma hazo na gani. Na faɗa masa, ya ce lallashinsa nake kamar yaron goye. Ina jin tsoro, Yaya, don an ce in yanar ta ƙara kauri aikin zai yi wuya.

Malama Nigina ta makarantarmu ta duba, ta ce laifin ɗan gilashin da ake ɗora ido ne: roba ce, ƙofarsa kamar kafar allura. Bara yanar idon Baba muka ɗora wa laifi, ashe ba ita kaɗai ba ce. Ka aiko da na gilashin gaske, mai faɗi, mai lamba 25. Kada mai shago ya ruɗe ka da wanda ya fi ƙara wa abu girma.

Ƙanwarka,
Mohira

Gharm, 2 ga Oktoba

Yaya Daler,

Ina gaishe ka, ina fata tarin ya sake ka. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri.

Da Baba ya ji wai sabon gilashin zai nuna wata ƙarami, bai kai na tsohon girma ba, sai ya yi tsaki, ya ce kai ma an cuce ka. Ban tanka ba, mai nema ba ya fushi. Jiya bayan la'asar, wata ya fito da wuri, na saita madubin, na kai shayinsa rufi na ce can zai sha. Ya hau yana mita.

Shayin nan har ya huce bai ɗago ba. Sai na ji yana kiran sunayen ramukan wata ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ya shekara talatin yana koya wa yara daga hoton littafi. Na juya baya don kada ya ga hawayena.

Can ya rufe idon dama da tafin hannu, ya leƙa da na hagu. Ya daɗe. Ya ce, "Ashe wannan ne malalacin. Ƙarfe nawa motar Dushanbe take tashi?"

Gobe da asuba za mu tafi, ka sa mu a addu'a. Ya ce in gaya maka gilashin naka ba laifi. Ka dai san daga bakin Baba wannan kirari ne.

Ƙanwarka mai kewarka,
Mohira