Inna Adama a Kan Sifili

Bunguɗu, Laraba

Zuwa ga Yaya Lantana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Labbo da mutanen Tsafe baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Mu nan sai godiya, ruwa ya sauka sosai.

Takin ƙungiyarmu ta mata manoma ya iso Karakkai, kowa na murna, ni kaɗai nake tafasa. Masu tallafin sun daina amfani da takarda. Kowace mace an buɗe mata adireshi a waya, wani dogon jerin lambobi da haruffa, aka zuba su cikin kwantiragin da ke zaune a intanet, abin da suke kira bulokcen. Wai abin da ya shiga ba ya goguwa. To, ranar rabo wakilinsu Malam Tajuddeen ya dubi Inna Adama, wadda ta kafa ƙungiyar, ya ce adireshinta ba ya ciki. Yaya, a gabana aka fara yi mata rajista, don babba ke farawa. Ta gyara mayafi ta tafi. Ta aiko cewa ta bar taro, ga masararta na jiran taki. Gobe zan shiga Gusau.

Ƙanwarki,
Zulai

Bunguɗu, Lahadi

Yaya Lantana,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafa ta yi sauƙi, na je ofishin masu tallafin a Damba, can Gusau, na ja kujera kusa da Tajuddeen ba tare da an ce in zauna ba. Ashe kwantiragin ba ya kawo adireshin duka a lokaci guda. Sai ka ba shi lamba, ya fito maka da na wannan gurbin. Na ce ya yi ina gani. Ya buga ɗaya, sai ga nawa, alhali ni ce ta biyu a layi. Shekarun da na yi ina koyar da lissafi ba su tafi a banza ba, na taɓa karanta cewa kwamfuta daga sifili take fara ƙirga. Na sa ya buga sifili. Adireshin Inna ya fito.

Kin ga, girmamawar da muka yi mata ce ta ajiye ta inda ba a duba ba. Na faɗa masa abin da ba zan rubuta ba. Yaron kirki ne dai, da kansa ya kai mata buhun takinta har Karakkai, ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Jiya aka zuba wa masararta, yau ta zo taro.

Na kawo shawarar baɗi a fara da ni, don kada a kuma. Inna ta harare ni, ta ce ko sifili ko me, tana raye ba mai shiga gabanta.

A gaida Malam Labbo.

Taki,
Zulai