Ƙuri'ar da Ta Makara

Zuwa ga ƙanwata Lorene,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Baba da ciwon ƙafarsa? Yaya yara? Ni lafiya lau nake a Alaska. Sanyi ya ɗan taɓa yatsuna biyu a wurin aikin bututun mai, amma kada Baba ya ji.

Wasiƙarki ta ɓata min rai. Wato kun kaɗa ƙuri'a kun gyara tsarin mulkin jiha, an dunƙule hukumomi barkatai cikin ma'aikatu ashirin, har da ofishin garinmu na duba tambarin mallaka da ke jikin shanu? Ga shi ba a sayar da saniya sai mai dubawa ya gani, shi kuwa yanzu daga babban birni yake zuwa, ran da ya ga dama. Maruƙan Baba suna tsaye, ciyawa na ƙarewa, hunturu ya ƙarato!

Mijinki Orval ne fa ya bi gida-gida yana cewa, "Ku amince, a rage zaman banza a ofisoshi." To, zaman banzan ya dawo garken surukinsa.

Takardar ƙuri'ata da aka aiko min ta gidan waya sai bayan zaɓe ta iso. Duk da haka na zaɓi "a'a", ga ta nan a ciki. Ki ba Orval ya ciyar da maruƙan da ita.

Allah ya tsare ku.

Yayanki,
Delbert