Man Riɗi a Banɗakin Al Rigga

Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Mutanenmu da sun ji an ce Ayurveda sai su ɗauka bautar gumakan Indiya ce, ko wani jiƙo da ake sha idan ciwo ya kama. Ni ma haka na ɗauka. Ashe tsarin kula da jiki ne na kullum, kamar yadda muke da asuwaki da wankan Juma'a. Anju, 'yar Kerala ta Indiya da muke koyarwa tare a unguwar Al Khabaisi nan Dubai, ita ta wayar min da kai. Da asuba a kankare harshe da ɗan jan ƙarfe, a guntsi man riɗi a yi ta kurkurawa har ya yi fari, a sha ruwan ɗumi, sannan a mulke jiki da mai kafin wanka. Riɗi fa! Wanda muke tauna a Damagaram ba mu san darajarsa ba. Na sayo kwalba, na ƙosa gari ya waye.

Alhamis, 11 ga Janairu

Jikina kamar an sake min shi. Har yaran ajina sun ce Madame tana sheƙi.

Na tashi Lubna, 'yar Yayata, don in koya mata. Ni na karɓo ta daga hannun Yaya, na kawo ta da bizar ziyara ta nemi aiki, to ni ce zan gyara ta. Ta guntsi man, ta ruga tana kakari. "Tanti, wannan ai miya ce ba gishiri." Yarinya mai kai, sai dai ba ta son sabon abu. Na ce mata da wannan man kaɗen da take laɓtawa a gashi, ba wanda zai ɗauke ta aiki a Dubai. Don ita nake faɗa.

Asabar, 13 ga Janairu

Anju ta ce in riƙa shimfiɗa tsohon tawul idan zan mulka, in wanke ƙasan da omo bayan na gama. Na ce to. Banɗaki ɗaya ne mata cike da flat, ana buga min ƙofa tun ban cuɗa baya ba. Da wane lokacin?

Laraba, 17 ga Janairu

Alhamdulillahi! Louisa, 'yar Jos da ke gadon kusa da ƙofa, ta yi wa Lubna magana a gidan abincin da take aiki. Za su gwada ta ran Litinin. Bizar Lubna za ta ƙare ƙarshen wata, wannan ce ƙofar da ta rage. Louisa tana koya mata riƙe faranti uku a hannu ɗaya, suna ta dariya. "Ƙanwata, ki yi murmushi ko da ƙafarki na kuka." Ni kuma na koya mata mulkar gwiwa, don tsayuwa. Wannan kam ta iya da wuri. Hannunta na da laushi.

Asabar, 20 ga Janairu

Louisa ta faɗi a banɗaki. Tsintsiyar hannun dama.

Lahadi, 21 ga Janairu

Bari in rubuta yadda aka yi. Jiya na makara, sai na fara da mulka da wanka, na fito na guntsi man bakina ina shiri. Louisa ta shiga bayana. Sai ƙara. Hajiya Khadijatu, mai flat ɗin, ta shafa tayil ta ɗaga yatsa yana maiƙo. Ta tara mu a falo.

"Wace ƙazamar ce? Ko wace ce, khalas, shi ke nan, ta kwashe kayanta. Gidana ba mahauta ba ne."

Wata ta ce ai kowa ya san mai warin man kaɗe. Aka yi dariya. Wata ta ce tun da 'yar ƙauyen nan ta zo ko matashin kai ba ya shinshinuwa, har ta ƙara da cewa Tantinta ma ta faɗa. Gaskiya ne, na faɗa.

Lubna ta juyo ta dube ni. Bakina cike da mai. Ba a magana da mai a baki, kuma bai yi fari ba tukuna. Na nuna mata bakin da yatsa.

Kafin in je in tofar in dawo, Hajiya ta gama yanke wa Lubna hukunci.

Litinin, 22 ga Janairu

Ba gwaji. Louisa ta kira manajansu tun daga asibiti, ta janye maganar Lubna. Ta dawo da hannu a ɗaure, su ma sun ce ta zauna a gida sai sun neme ta, kowa ya san ma'anar wannan. Ta tsaya a kan Lubna: "Na ɗauke ki ƙanwa, kika karya min hannun da nake ci da shi. Allah ya isa." Lubna kuwa ninke kaya kawai take.

Na roƙi Hajiya ta bar ta zuwa ranar tafiya. Ta ce saboda mutuncina, Madame, ta yarda. Ta ce da duk 'yan flat irina ne da ta huta.

Alhamis, 25 ga Janairu

Na yi tunani sosai. Idan ni aka kora, ina zan samu gado kusa da tashar jirgin metro a tsakiyar zangon karatu? Yara na jirana kowace safiya. Kuma wa zai riƙe Yaya da sauran 'ya'yanta? Lubna yarinya ce, duniya na gabanta. Ba ta ma shirya wa Dubai ba. Wannan zai zame mata darasi kan tsafta.

Man kaɗen ma ai yana da santsi.

Talata, 30 ga Janairu

Na raka ta filin jirgi. Na sa mata sabon ƙarfen kankare harshe a jaka, na yi mata nasiha har muka iso layi. Ta saurara, kanta a sunkuye. Da za ta shige ta ce, "Tanti, ranar ko alwala a kicin na yi." Na ce ta yi sauri kar layi ya wuce ta. Ta ce, "Kar ki damu. Ba zan gaya wa Inna ba."

Wannan tarbiyyar gidanmu ce.

Talata, 13 ga Fabrairu

Na daina mulkar. Ba don komai ba, sanyi ya fara wucewa, fata ba ta buƙata. Yau a aji wasu yara biyu suka zubar da fenti, kowa na cewa ɗayan ne. Da can sai na zaunar da su na yi ta bayani kan faɗin gaskiya. Yau goge wurin kawai na yi.

Yaya ta kira. Ta ce Lubna ba ta cin abinci, ba ta fita, ta kuma roƙe ni gafara kan kunyar da yarinyar ta ba ni a idon mutane. Na ce ba komai, ya wuce. Ta yi kukan gwiwarta da ta hana ta ruku'u.

Na ce, "Yaya, akwai riɗi a gida ai. Ki sa Lubna ta ɗumama man, ta mulke miki kowace asuba. Ta iya, ni na koya mata. Gwada ki gani."